Ranar da Orval Kimsey Yake Kulle Hanya

Faɗanmu da Orval Kimsey wanda har yau mutanen kwarin Dunmore suke ba da labarinsa, a kicin ɗin makaranta muka yi shi. Ina tsaye da ludayi a hannu, shi kuma yana tsaye da malafarsa a kai, abin da ya san sarai ba na so a yi mini a wurin girki. Saura kwana tara Oktoba ta kama. Takarda ta zo daga ofishin ilimi na jiha cewa ranar ɗaya ga wata za a aiko sufeto ya ga yaranmu da idonsa a cikin aji, kuma duk makarantar ƙauyen da aka samu da yara ƙasa da goma rufe ta za a yi, a mayar da yaran ta gari. Namu goma sha ɗaya ne, don haka babu abin tsoro. Sai dai ɗaya ga Oktoba ita ce ranar da Orval yake kulle hanyarsa kowace shekara, hanyarsa kuwa ita kaɗai ce take zuwa makaranta.

Na ce, "Bana ka kulle ranar biyu ga wata."

Ya ce, "Ranar ɗaya ubana yake kullewa."

"Ubanka ya mutu, Orval. Ni na wanke kwanuka ranar da aka binne shi."

"Yaya Zelma, ba ki gane ba ne. In na ɗaga ranar saboda wani akawu a babban birni ya ɗauki biro, to wa ke riƙe da makullin? Ni ko shi?"

"Makullin yana aljihunka, ga shi nan ina ganin shatinsa. Hankalinka ne ban san inda ka aje ba."

Ya ce shi bai zo a zage shi ba, gahawa ya zo sha. Na ce gahawar yara ce da malamarsu, ba ta masu rufe makaranta ba. Yara ba sa shan gahawa, ya sani na sani, amma haka na faɗa. Ya juya ya fita, ya buga ƙofa har tukunyar wake ta motsa a kan murhu.

Orval mijin ƙanwata Nadine ne, Allah ya jiƙanta. Shekara hamsin da ɗoriya yana kira na Yaya, ban taɓa ganin ranar da ya bi maganata ba. Ni ban yi makaranta ba. Ubanmu kiwon tumakin mutane yake yi, a cikin keken doki muka tashi muna bin garke daga tudu zuwa kwari, kafin a zauna wuri guda har na wuce shekarun zama a benci. Nadine ce ta samu. Ni sai daga baya, da na kama aikin dafa wa yaran makarantar Dunmore abinci, na tsinci haruffa ta tagar da nake miƙa faranti. Shekara talatin da huɗu na yi a wannan kicin. Shi kuwa Orval a ɗakin da ke jikin kicin ɗin ya yi ajinsa takwas, daga nan bai ƙara ba, amma in kun ji shi yana magana a kan tsarin mulkin Amurka sai ku ce da shi aka rubuta.

Ubansa, tsoho Kimsey, shi ya ba da eka ɗaya a tsakiyar filinsa aka gina makarantar, mil biyu daga titin kwalta. Ya ba da wurin ginin, amma bai ba da hanyar ba. Wani lauya ya taɓa gaya masa cewa in mutane suka shekara da shekaru suna bin hanya ta cikin filinka ba ka taɓa hana su ba, wata rana alƙali na iya cewa ta zama ta kowa. Tun daga nan tsohon ya ɗauki rana guda a shekara, ya sa sarƙa da kwaɗo a ƙofar shingen da ke bakin titi, daga fitowar rana zuwa fitowar ranar gobe, babu mai shiga babu mai fita, ko a ƙafa. Ya zauna a kujera a wurin da shaidu biyu, washegari ya rubuta shekarar da fensir a bangon rumbun ciyawa. Makaranta takan ba da hutu a ranar. Yara suna kiranta Ranar Kulle, sun fi son ta da ranar haihuwarsu. Da tsohon ya mutu Orval ya gaji filin, da shanun, da kwaɗon, da kujerar, da taurin kan.

Ba zan ce tsoron nasa na banza ba ne. Maƙwabcinsa na arewa ya bar maharba suna ratsa filinsa zuwa daji shekara ashirin don kirki, ranar da ya ce zai hana sai suka kai shi kotu, ya dawo gida da hanya a tsakiyar makiyayarsa wadda ba shi da ikon rufewa. Orval yana zaune a kotun ranar. Ya dawo ya sayi sabuwar sarƙa mai kaurin hannun jariri.

Abubuwa huɗu ne a bakin Orval tun yana saurayi, kuma da su ya tsufa. A shagon abincin dabbobi, a ƙofar coci, a wurin gwanjon shanu, duk inda mutum uku suka tsaya sai ya zama na huɗu.

Na farko jiha. Tutar jiharmu ce a ƙofar gidansa, ta ƙasa tana gefe a sanda ɗaya tsawo da ita, ya auna da kansa kada wata ta fi wata. Yakan ce, "Jihohi ne suka taru suka ɗauki Washington aiki. Ba ita ta haife mu ba. Yaushe ɗan aiki ya fara gaya wa maigida inda zai ɗaure saniyarsa?" Shekarar babban fari, da aka ce kowane makiyayi ya cika takarda a ba shi tallafin ciyawa daga tarayya, kowa ya cika, har fasto da yake da shanu shida. Orval ya ƙi. Ya ce wanda ya ciyar da shanunka bana, baɗi shi zai gaya maka yawan da za ka kiwata. Ya sayar da sulusin garkensa a wulaƙance. Nadine ta zo gidana ta yi kuka har idonta ya kumbura, sannan ta koma ta dafa masa abinci. Na ce mata da ni ce da takardar tallafin zan dafa masa.

Na biyu kan iyaka. A bayan a-kori-kurarsa akwai rubutu manya-manya cewa a tsare iyakar ƙasa, duk takardar koke da aka zagayo da ita a kan baƙin haure sunansa ne a layin farko. Maganarsa ɗaya ce: "Ni ba na ƙin baƙo. Amma ya shigo ta ƙofa, ya yi sallama." To ga abin da ke ba ni haushi da mutumin nan, ba ya barin mutum ya ƙi shi gaba ɗaya ya huta. Eusebio Quintana, ɗan Meziko da ya yi shekara goma sha tara yana kula masa da shanu, da takardunsa na zama suka sami matsala, Orval ne ya ɗauke shi a wannan motar mai rubutu a baya, suka yi tafiyar mil ɗari uku zuwa birni, ba sau ɗaya ba, sau biyar, har aka gyara. Ranar da Eusebio ya zama ɗan ƙasa Orval ya yanka maraƙi. Na ce masa, "Kai da kake son a kore su?" Ya ce, "Wannan ai ta ƙofa ya shigo. Ni na riƙe masa ƙofar."

Na uku makaranta. Shekara ashirin da shida yana shugaban kwamitin makarantar Dunmore, kwamitin mutum huɗu da suke taro a teburin kicin ɗina suna cinye mini burodin masara. Duk littafin da za a ba yara sai ya kai shi gida ya karanta daga bango zuwa bango da fensir a hannu. Ya ce iyayen yaro da maƙwabtansu su ne masu cewa me za a koya masa, ba wani wanda bai taɓa ganin fuskar yaron ba. A nan kam ban taɓa yi masa musu ba. Sau uku manyan makarantar gari suna zuwa da taswira da daɗin baki a haɗe mu da su, sau uku yana raka su mota. Da rufin ya fara yoyo shi ya hau ya gyara yana da shekara sittin da takwas. In dusar ƙanƙara ta rufe hanya, kafin gari ya gama wayewa ya riga ya share da tarakta. Duk duniya babu wata hukuma da Orval ya yarda da ita sai wannan kwamitin, don ita kaɗai ce yake iya ganin dukan membobinta a teburi ɗaya. A shekarar da nake ba ku labari, bakwai cikin yara sha ɗayan nan 'ya'yan 'yan Meziko ne masu aikin shanu a kwarin, uku na Eusebio. Nakan ce masa, "Ka dai yi a hankali da koke-kokenka, in aka biya maka bukata makarantarka yara huɗu za ta koma." Sai ya ce yaro ba shi ya tsallako da kansa ba, ya canja magana. Ya san sunan kowannensu, ya san wanda lissafi ke ba wa wuya.

Na huɗu fili, kun riga kun ji. Kuma kada wani ya ɗauka ni wata jam'iyya nake bi daban. Akwatin da yake jefa ƙuri'a nan nake jefa tawa, mafi yawan lokuta mutum ɗaya muke zaɓa. Bambancinmu, ni na san inda magana take ƙarewa abinci ya fara.

A cikin kwana taran nan babu wanda bai je masa ba. Malama Lorene, malamarmu guda ɗaya tilo, ta buga waya babban birni ta roƙa a canja mana rana. Aka ce ranar ta dukan jiha ce, ba a canja wa kowa. Ta je ta gaya masa. Ya ce, "Kin gani? Su ba sa canja tasu, ni ne zan canja tawa. Tawa ta girmi tasu da shekara saba'in." Fasto ya je, ya dawo da naman barewa a leda, ba da amsa ba. Wendell ɗan Orval da yake aiki a birni ya tambayi lauya, lauya ya ce kowace rana a shekara ta yi, babu dokar da ta ce sai ɗaya ga Oktoba. Orval ya ce lauyoyin yanzu su ne suka ci wa maƙwabcinsa fili.

Na koma masa da kaina ranar Lahadi bayan coci. Na ce, "To wai wannan dokar ƙirgen ta Washington ce?"

Ya kau da kai, na ci gaba.

"Ta jiharka ce, Orval. Jihar da ka rataye tutarta. Kai ka ce jiha ita ce maigida. Ga maigida ya aiko."

Ya ce, "Jiha tana da iko a kan makaranta. Ba ta da iko a kan hanyata."

"To da jirgin sama za ta zo?"

Sai ya yi murmushi, irin murmushin da yake yi in ya sayi bijimi da araha. Ya ce kada in damu, ya riga ya shirya komai. Yara su shiga da yammacin jajibiri kafin a kulle, su kwana a makaranta da ni da Malama, da safe kowa yana kan bencinsa. Na ce to sufeto fa? Ya ce shi zai tarbe shi a ƙofa da kansa, ya gaya masa yara sha ɗaya suna ciki. "Ni ne shugaban kwamiti. Shekara saba'in da ɗaya ban taɓa yi wa mutum ƙarya ba. Duk lardin nan da musafaha nake sayar da shanu. In na ce sha ɗaya ne, sha ɗaya ne."

Nan ne kuskurensa, kuma kuskure ne na mutanenmu. Mu a nan in mutum irin Orval ya ce abu, an gama. Ya ɗauka haka duniya take har babban birni.

Aka yi yadda ya ce. Iyaye suka kawo yara da barguna, na dafa wake da naman shanu, da safe na soya fanke. Amparo matar Eusebio ta kwana tare da mu, ta tsefe kan 'yan mata ta gyara, ta goge wa maza wuya har suna ihu. Ƙarfe takwas yara sha ɗaya suna zaune tsaf kamar za a ɗauke su hoto. Tara ta yi, goma ta yi. Goma da rabi sai ga Eusebio a kan doki, don shi da Orval da shaidun duk ta cikin shinge suke, ya ce, "Inna, ki zo. Maigida ya tsare matar gwamnati a ƙofa."

Na shiga motata na tafi. Abin da na tarar: Orval a kujerar ubansa ta ciki, da butar gahawa a gefe, shaidunsa biyu suna kallon takalmansu. Ta waje kuma wata farar mota da wata yarinya da ba ta kai talatin ba, da tabarau, da takalmin ofis, da allon rubutu a ƙirji. Ba ta da rashin kunya ko kaɗan, gaskiya dai gaskiya ce. Har ya miƙa mata gahawa ta saman ƙofa ta karɓa.

Tana cewa, "Baba, ba sai ka buɗe ba. Zan bar motar a nan, in haura in taka da ƙafa. Mil biyu ba komai ba ne."

Ya ce, "'Yata, ko ɗana ne ya zo yau a nan zai tsaya. Gobe da fitowar rana ki dawo, ni da kaina zan kai ki."

"Gobe ba ranar ƙirge ba ce, Baba. Kuma yau ina da sauran makarantu huɗu."

"To rubuta sha ɗaya. Na ba ki maganata."

"Na yarda da kai. Amma takardar cewa ta yi in gan su a aji."

"Takarda ta fi mutum ke nan?"

Na ce, "Ta fi wannan mutumin dai. Orval, tashi ka ba yarinya hanya."

"Yaya, ki fita daga maganar nan."

"In fita ta ina? Ka kulle."

Ɗaya daga cikin shaidun ya yi dariya, Orval ya harare shi ya haɗiye. Na ce wa shaidun su juya baya su kalli tsauni minti ɗaya, yarinya ta haura, babu wanda ya gani. Orval ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi ja, ya ce yana so in yi masa bayanin yadda zai rubuta shekarar a bangon ubansa alhali ya san ƙarya ce. Kun ji irin mutumin. Ba zai yi ƙarya ga bangon rumbu ba.

Da na ga haka na ce wa Eusebio ya ɗaura tirelar ciyawa a tarakta. Muka koma, muka loda yara sha ɗaya da Malama Lorene da allo da rajista, har da tutar aji, muka kawo su bakin shinge. Malama ta jera su a kan tirela, ta kira suna ɗaya bayan ɗaya suna amsawa. Suka yi wa yarinyar karatu, ƙaramar 'yar Eusebio ta karanta sunayen jihohi hamsin ba ta tsallake ko ɗaya ba. Orval yana tsaye yana gyaɗa kai kamar shi ya ci nasara. Yarinyar ta ƙirga su da yatsa ta saman waya mai ƙaya, idonta ya cika da hawaye, ta ce za ta rubuta duk abin da ta gani. Ta rubuta. Amma a takardar akwai wani ɗan gurbi da aka tambaya ko ta shiga ginin makaranta, ita ma kuwa ba maƙaryaciya ba ce. Masu gaskiya biyu suka haɗu a ƙofa ɗaya suka kashe mana makaranta.

Duk da haka ba a rufe nan take ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Bayan wata guda aka aiko cewa muna iya ɗaukaka ƙara. Shafi ɗaya ne. Shugaban kwamiti ya sa hannu cewa an hana sufeto shiga bisa kuskure kuma ba za a sake ba, sai a aiko wani ya ƙirga. Malama ta kawo takardar kicin, na share teburi, na aje masa biro, har da kek ɗin tuffa irin wanda Nadine take yi masa. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu.

Ya ce, "Ba kuskure ba ne. Da gangan na yi."

Na ce, "Mun sani. Sa hannu."

"Kuma 'ba za a sake ba'. Kin san ma'anar wannan? Na ba su hanyar ke nan har abada, da hannuna, a rubuce."

"To sauka daga kujerar, wani ya hau ya sa hannu."

Ya ce in kwamiti ya tsige shi zai sauka. Sauran ukun suka dubi juna. Ɗaya Orval ne ya ciro shi daga cikin dusar ƙanƙara da motarsa ta kife, ɗaya a filinsa shanunta suke shan ruwa, na ukun kuwa tun suna aji ɗaya yake tsoronsa. Babu wanda ya ɗaga hannu. Maimakon shafi ɗayan nan, Orval ya zauna ya rubuta musu wasiƙa mai shafi goma sha huɗu da hannunsa, a kan 'yancin mai fili da tarihin kwarin Dunmore da abin da kakanninmu suka nufa da suka kafa jiha. Ya karanta mini ita duka, ina feraye dankali. Ba zan ɓoye ba, wasiƙar ta yi kyau. Ba a ba shi amsa ba.

Ƙarshen zangon bazara aka rufe. Tun daga nan motar makarantar gari take tsayawa a bakin titi da sassafe, mil arba'in da biyu zuwa, arba'in da biyu dawowa. Hunturu ɗaya Amparo ta jure tana tsayar da yara a cikin sanyin nan, sannan ta ce wa mijinta ko su koma gari ko ta koma ita da yaran. Eusebio ya zo ya gaya wa Orval, hula a hannu, yana ta ba shi haƙuri kamar shi ya yi laifi. Orval ya ba shi doki da saniya biyu, ya taimaka masa lodin kaya. Sauran iyalan ma suka bi ɗaya bayan ɗaya. Littattafan da yaran Dunmore suke karantawa yanzu, babu wani a kwarin nan da aka tambaya kafin a saya.

Wata bakwai ban yi masa magana ba. A coci in ya zauna dama sai in zauna hagu. Ya riƙa aje mini itacen wuta a ƙofar gida ba ya ƙwanƙwasawa, ni kuma ina ƙonawa ba na godiya. Abin da ya sa na sauko, wata rana na je ɗauko tukwanena a makaranta na same shi a kan tsani yana yi wa tagogi fenti. Makarantar da babu kowa. Na ce, "Wa kake yi wa kwalliya, ɓeraye?" Ya ce ginin kwamiti ne, kuma shi bai ji an rushe kwamiti ba. Na riƙe masa tsanin don kada ya faɗo a ce ina wurin.

Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, kada ku jira wannan. Abin da ya fi kusa da haka, wata rana muna shan gahawa ya ce da yarinyar nan ta zo ranar biyu ga wata da duk wannan bai faru ba. Na ce eh, da duniya ta tambaye ka kafin ta tsara kalandarta.

Shekara huɗu ya yi yana fama da shanu shi kaɗai, yana kulle ƙofarsa kowace ɗaya ga Oktoba, da kujerarsa da shaidunsa. Sannan wata saniya ta matse shi a jikin shinge ƙugunsa ya karye, ya yi rabin yini a ƙasa kafin mai kawo wasiƙu ya hango shi. Bayan asibiti Wendell ya ce babu zancen komawa, birni zai tafi da shi. Can ya rasu kafin Kirsimeti, ban kuma sake ganinsa ba.

Ranar da za su tafi, ƙarshen Satumba ne, da hantsi, Wendell ya tsayar da mota a ƙofar gidana ya ce Baba yana son magana da ni. Na fito da zanen girki a jikina. Orval yana kujerar gaba, ya rame, malafar ta yi masa yawa. Ya sauke gilashi, ya lalubo aljihu, ya kama hannuna ya danƙa mini kwaɗon da makullinsa.

Ya ce, "Yaya, ranar Talata ɗaya ga wata. Da fitowar rana. Sarƙar tana jikin ginshiƙi. Fensir yana saman ƙofar rumbu."

Na dubi abin a tafin hannuna. Ƙarfen har ya yi santsi don shekaru.

"Ki samu shaidu biyu," in ji shi. "Kada ki bari kowa ya wuce. Ko a ƙafa."

Na ce, "Wa zai wuce, Orval? Shekara huɗu ke nan ciyawa ta rufe hanyar, babu mai bin ta sai ni da shanunka. Zan kulle maka, tunda ka bar ni ba ni da wanda zan dafa wa. Amma ba zan zauna gadi a kujerar ubanka ba, kuma shaida sai dai ka yarda da maganata. Sakar mini hannu, yaro yana jira. Kuma in sun ba ka magani a can ka sha, kada ka tsaya tambayar wace gwamnati ce ta aiko shi."